Silifa a Bakin Ƙofa

Ƙarfe uku da minti goma na rana aka bugo waya caji ofis daga tashar jiragen ruwa. Jirgin Obaa Kyan ya dawo daga zagayen tsibirai da fasinja bakwai. Da takwas ya fita da safe.

Sufeto Yonamine Rie ce ta ɗauki wayar. Shekarunta ashirin da tara. Bara ta dawo gida bayan ta gama jami'a ta yi aiki a babban birni, kuma har yau akwai masu shigowa ofis su dube ta ido cikin ido su ce suna son ganin sufeto.

"Haɗari ne," in ji shugaban ofis, ko kai bai ɗago daga fayil ba. "Masu ceto sun riga sun fita, har da jirgi mai saukar ungulu. Ki je ki rubuta sunaye ki dawo. Kada ki tsoma musu baki a aiki."

"Zan rubuta sunaye," ta ce.

Saje Teruya ne ya ja motar. Dattijo ne mai tumbi. A tsibirin nan aka haife shi, amma ko daga kan gada ya kalli teku sai cikinsa ya juya.

"Sufeto, in a ƙasa za a yi binciken, ina bayanki har inda ƙafa ta ƙare. In a ruwa ne, ki gaida min kifaye."

"Tuƙa, Saje."

Sun sami Obaa Kyan zaune a kan akwatin ƙanƙara kusa da jirginta. Tsohuwa ce mai shekara saba'in, rana ta gasa mata fata. Tun rasuwar mijinta ita take kai mutane yawon yini. Wuri uku ake tsayawa a yi iyo, a ci abinci a hanya, a dawo kafin yamma.

"Wa ya ɓata, Obaa?"

"Natsuki. Agarie Natsuki, malamar lissafi a sakandare. Ni na koya mata iyo tana 'yar shekara biyar. Danginta ne suka ɗauki jirgin gaba ɗaya."

"Ina da ina kuka tsaya?"

"Farin Yashi ƙarfe tara. Tsibirin Awaki sha ɗaya. Bakin Kogo ƙarfe ɗaya. A Bakin Kogo masu ceto suke nema."

"Me ya sa can?"

"Goggonta ta ce ta gan ta kwance a ɗakin jirgi bayan an ci abinci. Ɗan baffanta kuma ya ce ya hango kanta a ruwa a Bakin Kogo."

"Ke fa? Yaushe kika gan ta da idonki?"

Tsohuwar ta waiga ta dubi jirginta.

"A Tsibirin Awaki. Tana sauka tsani, da jar hularta ta roba."

Tsakanin Tsibirin Awaki da Bakin Kogo kilomita goma sha biyu ne. Sufeto Yonamine ta dubi agogo. Bakwai da kwata rana za ta faɗi. Idan inda ake nema ba nan ba ne, matar nan ba za ta ga safiya ba.

"Yaya aka yi kika tashi ba ki tabbatar kowa ya hau ba?"

"Ke 'yar nan, kada ki zage ni a gaban jirgina. Zo ki gani."

A bayan jirgin, kusa da tsanin sauka ruwa, akwai wata baƙar shimfiɗa ta roba. Obaa ta buga ta da ƙafa.

"Duk mai shiga ruwa nan yake ajiye silifansa. In ya hau ya ɗauka. Ba na cire anga, ƙarfen da ke riƙe jirgi, sai na ga shimfiɗar nan fayau. Haka mijina ya yi shekara talatin, haka nake yi. Kai yana ruɗa mutum, wani ya sunkuya, wani ya shiga bayan gida. Silifa ba ya motsi."

"A Tsibirin Awaki fayau take?"

"Fayau. Na ƙirga kawuna ma, na sami bakwai. Na ce ina Natsuki? Sai muka waiga duka muka ga wancan."

Ta nuna ƙofar ɗan ƙaramin ɗakin da ke ƙarƙashin sitiyari, inda mai jiri yake kwanciya. A bakin ƙofar ga silifa ruwan ɗorawa. An sassaƙa kifi a kansu da wuƙa, yadda kowa a nan yake yi wa nasa alama.

A wajenmu takalmi a bakin ƙofa magana ne. Yana nufin mai shi na ciki, a ƙyale shi. Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Sai da aka iso tasha aka buɗe, aka ga ɗaki ba kowa. Sai kowa ya ce ai ta fito ba takalmi a Bakin Kogo ta faɗa ruwa, shi ya sa ba a ga komai a shimfiɗa ba.

Sufeto ta durƙusa. An jera silifan kafaɗa da kafaɗa, kawunansu na kallon waje, kamar a ƙofar babban masauki.

"Haka take ajiye takalmi?"

Obaa ta leƙo, ta yamutsa fuska.

"Natsuki? Ɗaya gabas ɗaya yamma. Tun tana yarinya ake mata faɗa a kai, har ta yi digiri ba ta daina ba."

"Saje, ɗauki hoto. Kada kowa ya taɓa."

Ta buɗe ƙofar ta shiga. Zafi ya buge ta kamar murhu. Tagar a rufe take, an sa mata sakata. Ta shafa tabarmar da tafin hannu, ta ɗaga matashin kai ta shinshina. Bargon yana ninke.

"Obaa, mutum ya fito daga teku ya kwanta a nan. Me zai bari?"

"Lema. In ta bushe kuma gishiri, fari fat, siffar bayansa. Kullum sai na goge."

"Yau kin goge?"

"Ban taɓa ba."

Babu lema, babu gishiri. Ba wanda ya kwanta a ɗakin nan yau.

An tara dangin a zauren ƙungiyar masunta, inda ake cire takalmi a hau tabarma. Sufeto ta sa a kawo mata Goggo Fumi ita kaɗai. Saje Teruya ya watsar da takalmansa a bakin ƙofa ya shige. Da tsohuwar ta iso, sai ta tsaya, ta sunkuya, ta haɗa takalman Saje da yatsu biyu, ta juya kawunansu waje, sannan ta shigo ta zauna.

'Yar siririya ce, shekara sittin da bakwai, rigarta ba ko ƙwaya ɗaya ta yashi.

"Hannunki ya iya aiki, Goggo."

"Shekara talatin na yi a masauki a can babban yankin ƙasa. Aikin ba ya barin hannun mutum."

"Ke kika jera silifan Natsuki?"

Tsohuwar ta dube ta.

"Na gan su a watse a bakin ƙofa na gyara. Laifi ne?"

"Yaushe?"

"Bayan abinci. Lokacin da na kai mata shayi."

"Ta sha?"

"Tana barci. Na fito da shi."

"Taga a buɗe ko a rufe?"

"A buɗe mana. Wa zai kwanta a zafin nan taga a rufe?"

Sufeto ta rubuta. Ba ta ɗago ba.

"Kin shiga ruwa yau?"

"Ni? Rabona da ruwa tun ina budurwa. A jirgi na zauna ina tsaron kaya."

"Wa ya shirya tafiyar?"

"Ni. Na ce a fita tare ko zukata su yi sanyi."

"Me ya zafafa su?"

Goggo Fumi ta gyara zama, ta dubi Saje maimakon Sufeto, kamar shi ne zai gane.

"Allon magabata, mai ɗauke da sunayen mamatan gidanmu, wanda ake kunna wa turare. Ƙanena, uban Natsuki, ya rasu shekara uku ke nan, bai bar ɗa namiji ba. Kai ka san yadda ake yi. Allo ɗan ƙaninsa yake bi, Masaki. Ita ta ce a'a. Ta ce ita ta yi jinyar ubanta shekara shida, ita ta wanke shi, ita ta juya shi, allo yana nan a gidan, ita za ta riƙe. Ta kawo mana takardar doka ta karanta mana a gaban manya."

"Doka ta hana ta?"

"Doka!" Tsohuwar ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Ku 'yan boko. Matattu ba sa karanta takarda, yarinya."

"Rayayyu nake nema yau, Goggo. Ki jira a waje."

Da ta fita Saje ya ja numfashi.

"Taga a rufe take. Ƙarya ta yi."

"Ta yi. Amma ƙaryarta ba za ta juya jirgi mai saukar ungulu ba. Ina son wuri da lokaci. Karɓo min wayoyinsu duka, yau ba wanda bai ɗauki hoto ba."

Ƙarfe huɗu da rabi ta yi kafin su gama duba waya biyar. Teku, abinci, yara, teku. Ba Natsuki a ciki bayan Farin Yashi. Ba mai son ɗaukar hoton wadda ake fushi da ita.

Saura Masaki. Mutum ne mai shekara talatin da biyar, makanikin babura, kafaɗunsa sun yi ja da rana. Ya zauna hannunsa ɗaya a kan aljihu.

"Wayarka."

"Caji ya ƙare tun safe."

"Matarka ta ce tun da kuka fita kake ɗaukar 'ya'yanka mata hoto, har suka gaji suka fara ɓoye fuska."

"Mata ai sai a hankali."

"Da mace kake magana, Masaki. Ka ce ka ga Natsuki a Bakin Kogo?"

"Na hango kanta. Da jar hula."

"Hagu da jirgi ko dama?"

"Dama. A'a, hagu."

"Ka yi mata magana?"

"Ba ma magana sosai da Yaya Natsuki."

"Saboda allo."

"Ni ban ce ina so ba!" Muryarsa ta tashi. "Wa ya tambaye ni? Allo ya zo, kabari ya zo, baƙi duk shekara, turare duk wata. Gidana ɗaki biyu ne. Na ce mata ta riƙe, a asirce na faɗa mata. Goggo ce ba ta yarda ba."

Sufeto ta cire agogonta ta ajiye a tabarma tsakaninsu.

"Kalli nan. Mutum ashirin suna can suna neman 'yar'uwarka a inda ka nuna musu. Idan ka gan ta a can, madalla, su ci gaba. Idan ba ka gan ta ba, to kai ne kake riƙe da su a can, ita kuma tana wani wuri tana shan ruwan gishiri. Ba zan yi maka ihu ba. Zan zauna mu kalli agogo tare."

Saje Teruya ya goge gumi. Minti ɗaya ya wuce, na biyu ya kama.

Masaki ya fito da wayar. Ya danna lambobin ya buɗe ta, ya miƙa mata.

Hoton 'ya'yansa mata biyu ne a kan tsani, suna dariya, ruwa na zuba daga gashinsu. A ƙasan hoton an rubuta sha ɗaya da minti arba'in da biyu. A bayansu ga tsagaggen dutsen Tsibirin Awaki da kowa ya sani. A gefen hagu ga ƙofar ɗakin jirgi, silifa ruwan ɗorawa a jere, kawunansu na kallon waje.

Sufeto ta buɗa hoton da yatsu biyu. Can nesa, bayan farin kumfa, ga wani ɗigo ja a kan ruwa.

Silifan sun isa ƙofa mai su tana cikin teku.

"Yaushe ka ga wannan?"

"Da muka dawo. Masu ceto suka ce a ba su hotonta na ƙarshe, ina dubawa sai na gani. Goggo tana kusa da ni. Ta riƙe min hannu ta ce, ka ce ka gan ta a Bakin Kogo." Ya rufe fuska. "Ita ta goye ni, Sufeto. Uwata ta rasu ina jariri. Na rasa abin da zan yi."

"Saje, sa kofur ya zauna da su biyun. Kada Goggo ta fita ko bayan gida ita kaɗai."

Tana gudu zuwa bakin ruwa tana magana da shugaban ofis a waya.

"Silifa, Yonamine? Kina so in kira masu ceto in ce su kwashe komai su koma kilomita goma sha biyu saboda silifa?"

"Da hoto mai lokaci, yallaɓai. Na turo maka."

"Ɗigo nake gani. Zai iya zama balan-balan ɗin masunta. Suna da shaidu biyu a can."

"Ɗaya ya janye yanzu a gabana."

"Zan gaya musu. Sai sun gama layin da suke kai za su duba, in mai ya ishe su. Ki rubuta rahoto."

"Zan rubuta in na dawo."

"Daga ina?"

Ta kashe wayar. Obaa Kyan ta riga ta tada inji, tana kwance igiya. Sufeto ta yi tsalle ta faɗa ciki. Sai ga Saje Teruya a bayanta, yana haki, fuskarsa ta riga ta canza launi.

"Ba ka ce in gaida maka kifaye ba?"

"Na ga gara in gaishe su da kaina. Wa zai jawo ta ciki, ke da wannan tsohuwar?"

"Tsohuwar uwarka," in ji Obaa, ta murɗa mai.

Ƙarfe biyar da minti ashirin suka bar tasha. Tafiyar minti hamsin ce. Iska ta tashi, jirgin yana dukan ruwa yana tashi. Saje ya rungume bokiti yana amai.

"Obaa, awa shida ke nan. Ina za ta kasance?"

"Ba a tsibirin ba. Ta wannan gefen duk bango ne na dutse, ko akuya ba ta hawa. Da tsakar rana kuma ruwa yana ja arewa ta mashigin da ke gefen tsibirin, da ƙarfi. Wawa ne yake faɗa da shi, ya gaji ya nutse. Na gaya mata tun tana ƙarama, in ruwa ya ja ki, ki bi shi, ki nemi abin kamawa."

"Akwai abin kamawa?"

"Ɗaya. Sandar ƙarfe da aka kafa a kan murjani, dutsen nan mai kaifi na ƙarƙashin ruwa, don jirage su kauce. In teku ta janye, mutum yana tsayawa a gindinta ruwa iya gwiwa." Ta dubi rana. "Yanzu cika take yi, kuma cikar kwanakin nan babba ce. Nan da ƙarfe bakwai ruwan zai fi tsayin mutum biyu."

"In ta wuce sandar fa?"

"To babu komai sai teku har wata ƙasa. Daina tambayata, 'yar nan, ki buɗe ido."

Sufeto ta tsaya a gaban jirgin ta riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, tabaron hangen nesa a ɗayan. Ruwa ya jiƙa ta sharkaf. Suka wuce tsagaggen dutsen. Suka shiga mashigin. Ba komai sai kumfa da hasken rana da ke soke ido.

Shida da kwata ta hango sandar, siririya kamar tsinke. Igiyar ruwa ta taso ta rufe gindinta, ta sauka. Ba komai. Wata ta taso, ta sauka.

Ja.

"Ga ta can! Obaa, ga ta can!"

Jirgin ba zai iya matsawa ba saboda murjani. Sufeto ta cire takalmi da ɗamara, ta ɗaura igiya a ƙugu, ta miƙa wa Saje ɗaya bakin.

"In ka sake ni, sai na dawo na kore ka daga aiki."

"Je ki, Sufeto. Amai nake yi, ban mutu ba."

Ta faɗa ruwa. Sau biyu igiyar ruwa ta maka ta da murjani, ta ji fatar gwiwarta ta tsage. Ta ci gaba.

Natsuki ta cire rigar iyonta ta ɗaure hannun hagunta da sandar, ɗauri uku. Ƙasa ta daɗe da kuɓuce wa ƙafafunta. Duk igiyar da ta zo sai ta rufe ta ruf, ta wuce, ta ɗago kai ta ja numfashi ta jira ta gaba. Ƙananan kifin ɓawo da suka manne a sandar sun yayyanka mata hannaye da cinyoyi. Leɓunanta sun farfashe, idanunta sun kumbura. Amma bakinta yana motsi.

"Malama Natsuki! 'Yar sanda ce. Na zo."

Idanun suka juyo a hankali.

"Kun daɗe," ta ce.

Sai da aka yanke rigar da wuƙa, don ɗaurin ya ƙi kwantuwa. Saje ya jawo su biyun kamar buhu. Obaa ta saki sitiyari ta durƙusa ta rungume kan Natsuki tana kuka, tana zaginta, tana ɗiga mata ruwa a baki da murfin kwalba.

"Na ga kuna tafiya," in ji Natsuki da muryar da ta dushe. "Na yi ihu. Na ce ai Obaa ba ta barin silifa a shimfiɗa. Sai na gane wani ya ɗauke."

"Me kike faɗa a can?" Sufeto ta tambaya. "Na ga bakinki na motsi."

"Sunaye. Na kan allo. Su goma sha tara ne, daga kakan kakan kakana har Baba. In na kai ƙarshe in koma farko. In na yi kuskure na san barci ya fara ɗaukata, sai in ciji harshe."

Rana tana taɓa ruwa suka shigo tasha. Labari ya riga su, masunta da mata sun cika bakin ruwa. Motar asibiti na jira. Aka kawo gadon ɗaukar mara lafiya, Natsuki ta ture shi.

"Da ƙafata zan sauka."

Ta sauka, bargo a kafaɗa, an naɗe mata hannaye biyu da bandeji. Kofur ya fito da Goggo Fumi da Masaki. Masaki ya zube a ƙasa yana kiran Yaya, Yaya. Ba ta dube shi ba.

Sufeto Yonamine ta tsaya a gaban tsohuwar, ruwa na ɗiga daga kakinta, jini na bin ƙaurinta.

"Agarie Fumi. Kin ce kin kai mata shayi, taga a buɗe. Taga a rufe take da sakata, kuma ba wanda ya kwanta a ɗakin. Kin ce bayan abinci kika gyara silifa. Ga hoto, suna jere a ƙofa tun sha ɗaya da minti arba'in da biyu, ita tana cikin ruwa. Kowa ya sauka iyo a Tsibirin Awaki. Obaa tana gaba wajen anga. Ke kaɗai kike kusa da shimfiɗar. Da kin watsar da su yadda take yi, da wataƙila har yanzu a Bakin Kogo ake nema. Hannunki ne ya ƙi."

Goggo Fumi ba ta dubi hoton ba. Natsuki take kallo.

"Ni na ɗauke su," ta ce. "Ubanki ya tafi, kika riƙe allo. Shekara biyu ba ta cika ba uban Masaki ya bi shi, mutum lafiyayye. Na je wajen mai duba. Ta ce allo yana hannun da bai kamata ba, kuma magabata ba za su tsaya a mutum biyu ba. Wa ya rage? Masaki ya rage. Na roƙe ki. Na durƙusa miki a ɗakin ubanki, kika karanta min doka."

"Sai kika bar ni a teku."

"Ban shirya ba. Na ga kowa ya kusa hawa, na ga naki su kaɗai za su rage a shimfiɗa, ke kina can nesa kamar kullum, ba kya jin kira. Na ce bari in bar wa magabata hukunci. In suna son ki, za su dawo da ke."

"Da kika ce a nemi Bakin Kogo fa?" in ji Sufeto. "Shi ma hukuncinsu ne?"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. A karon farko kafaɗunta suka sauka.

"Na ji tsoro," ta ce.

"Ina kama ki da laifin yunƙurin kisan kai. Agarie Masaki, kai ma za ka biyo mu ka yi bayanin ƙaryar da ka yi wa masu ceto. Saje."

Saje Teruya ya fito da ankwa, ya dubi siraran hannayen, ya dubi Sufeto. Ta gyaɗa kai. Ya sa mata a hankali.

Sun yi taku uku zuwa mota Goggo Fumi ta tsaya cak, ta waiwayo.

"Gobe sha biyar ga wata. Wa zai kunna wa magabata turare? Wa zai zuba musu shayi?"

"Ni, Goggo. Kamar kowane wata."

"Da waɗannan hannayen?"

Natsuki ta ɗaga su, farare fat da bandeji, jini ya fara ɓullowa ta tafin.

"Da su."

Saje ya buɗe ƙofar mota, ya dafa kan tsohuwar don kada ta bugu, ya rufe.